Tarar Sabiru da Ƙafar Mma Ajaratu

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Takarda ta zo daga kotu. Wai ƙanena Sabiru bai biya tarar da aka ci shi ba, in bai biya ba za a iya kulle shi. Wace tara kuma? Alƙali ya ce ya zauna lafiya shekara biyu ba laifi, ya zauna, wa'adin ya cika. Mma Ajaratu, wadda ya buge da babur ya karya mata ƙafa, ta yafe masa a ƙofar masallaci, gaban liman da dattawan Zongon Lome, aka shafa fatiha. Mu duk mun ɗauka magana ta mutu tun ranar.

Talata, 6 ga Mayu
Ya zauna a shagona ya yi jugum, ko tuwo bai taɓa ba. Na ci gaba da ɗinkina. Har yau ina jin haushin tuƙin gangancinsa.

Juma'a, 9 ga Mayu
Mma Ajaratu ta ji labari, ta zo da sandarta tana ɗingishi. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ita ko a jikinta. "Ƙafata ce ko tasu? Na ce na yafe, wane ne zai ce ban yafe ba?" Ta ce Laraba a kai ta tiribinal, wato kotu, ta faɗa da bakinta. Matar nan, wallahi! Ni da aka taka min yatsa a kasuwa sai na yi mako ina mita.

Laraba, 14 ga Mayu
Mun je. Ta ci ado kamar mai zuwa suna, ta hau matakala ba ta yarda an riƙe ta ba. Ma'aikacin da ya saurare mu mutumin kirki ne, yana Faransanci ina fassara mata. Ya ce abin da ta yafe haƙƙinta ne, an kuma rubuta. Tara kuwa ta hukuma ce, cikar wa'adi ba ta goge ta, shi ma ba shi da ikon soke ta. Ita kuwa sai ta gyara zama: "To, nuna min mai amandin, mai tarar nan, in roƙe shi. Ai kowane bashi da mai shi." Mutumin ya yi dariya har da share ido. Ya ce a rubuta roƙo, wataƙila a bar shi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, amma bai yi alkawari ba.

A hanya ba ta yi maganar kotu ba, tsadar tumatir kawai take yi.

Alhamis, 15 ga Mayu
Ruwa tun asuba. Na ɓata wuyan riga biyu.

Litinin, 26 ga Mayu
Sun amince da biya wata-wata. Ba a soke ko sisi ba, amma ba za a kulle shi ba muddin bai tsallake ba. To da me zai biya? Tun hatsarin mutanen unguwa ke gudun babur ɗinsa na haya.

Da hantsi sai ga Mma Ajaratu. Ta ce daga gobe shi zai riƙa kai ta Agoè sarin tumatir, ya dawo da ita, ta biya shi kamar kowane ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa. Sabiru ya ce, "Mma, ni?" Ta ce, "Kai mana. Duk Lome babu wanda zai tuƙa ni a hankali kamar kai." Ya sunkuyar da kai yana hawaye. Ni ma na shige bayan labule.

Juma'a, 30 ga Mayu
Matan layinmu sun fara tsayar da shi, tunda sun gan ta a bayansa kullum da kwandonta.

Yau ya je biyan farko. Na ce zan raka shi, kada ya ɓatar da rasit. Ya tsaya yana kallona: "Yaya, in kira miki wani babur?" Na ce kuɗin wani babur ɗin kai za ka biya? Na hau. A hankali yake tafiya, har ya fara ba ni haushi. Wajen Cacavéli na lura na daina riƙe ƙarfen baya, kafaɗarsa nake riƙe.