Uwar Lemun Malam

Litinin, 4 ga Maris, 1996

Kafanchan. Tagwai ya zo daga Gwantu da ɓawon lemu a aljihu. Bishiyoyin da na aura masa, wato na haɗa idon reshe da wani gindi, duk suna ɓarewa daga gindin, sun tsugune, ba girma. Ya ce, "Mama Lai'atu, ba ƙara na kawo ba." To me ka kawo? Duk ido daga uwar lemun mijina marigayi Malam na yanko, ita kuwa ga ta lafiya lau. Rabin gonakin 'yan cocinmu 'ya'yanta ne.

Lahadi, 7 ga Afrilu

'Yata Hellen ta zo Ista daga wurin bincikensu a Ibadan. Ta ɗebi ɓawo a gonar Tagwai, ta ɗebi na uwar. Na ce bishiyar ubanki za ki tuhuma? Ta cusa ɓawon cikin ƙanƙara.

Laraba, 22 ga Mayu

Ta dawo da hoto. Wai sun niƙa ɓawon, sun zuba ruwansa cikin wani abu kamar kamu da ya daskare, sun sa masa lantarki, cutar ta fito layi-layi. Sunanta bairoyid. Ta fi ƙwayar cutar mura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ko riga ba ta da ita. Kaurin layi, yawan cuta. Na Tagwai siriri. Na uwar kuwa, Yesu! Baƙi ƙirin.

Gindin uwar mai jurewa ne, shi ya sa ba ta nuna. Gindin da nake aura wa mutane ba ya jurewa. Kowane ido da na yanko, kowace wuƙa da ta taɓa ta, sun kai cutar gonakin mutane.

Na riƙe hoton har shayina ya huce. Abin da ido bai taɓa gani ba, ga shi 'yata ta sa ya tsaya an ɗauke shi hoto. Ubangiji, ayyukanka da ban tsoro suke.

Alhamis, 23 ga Mayu

Hellen ta ce, "Ba magani, Mama. Sai sara." Na ce ta koma Ibadan ɗinta.

Asabar, 8 ga Yuni

Na zauna ƙarƙashin uwar da safe, ta fid da sabon ganye, kyau kamar me. Ban ce zan sare ba. Gatarin ne dai ya dushe, na kai wa maƙeri ya wasa.