Awon da Ba na Ɗinki Ba

Daren Laraba, Suleja

Ruwa yana sauka a hankali kan kwano, Hafsa ƙanwata ta yi barci a cinyata, ni kuwa idona biyu. Wai wata mai ɗinki ta samu a Wasap, matar ta ce mata ta turo hotonta ba riga don a ɗauki awon kayan bikin aurenta, ita kuwa ta tura. Ashe namiji ne. Yau ya ce ko ta biya, ko dangin ango su gani.

A mota ta raɗa mini, muna dawowa daga Abuja. Sai kallon Dutsen Zuma nake, hadari ya naɗa masa rawani. Fuskar nan mai kama da ta mutum da ke jikinsa ta ga masu wucewa iri-iri, ba ta taɓa tona asirin kowa ba.

Can na ce, "Kar ki tura ko sisi, gobe ma zai dawo. Ajiye saƙonninsa, ki toshe shi, da safe mu kai ƙara."

Duk fargabarta Mama ce. Amma da muka gaya mata, sai ta jawo ta jikinta, ta ce, "Shi ne tsirara, 'yar nan, ba ke ba."