Wa Ya Kankare Rubutun Moton Injin Ƙyanƙyasata?

Zuwa ga Shugaban cibiyar da ta koya mana ƙyanƙyasar ƙwai da inji,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Hajara, daga Wara. Ka san ni, don a zauren gidanmu aka yi horon matan Ngaski, Innata kuma ita ce ta riƙa dafa muku abinci. Na kira wayarka har na gaji, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Kafin zuwanku, kowa ya san zabuwa ba ta iya reno, don haka kaza mai kwanci ake sa wa ƙwan zabi. Kuka kawo inji mai aiki da hasken rana, ka tsaya gabanmu ka ce duk abin da ya lalace a cikinsa za a same shi a kasuwar Yawuri. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ni na bi rugage da ƙafata ina lallashin matan Fulani su kawo mini ƙwai mu raba 'ya'ya. Daminar bara abin ya yi kyau, har wasunsu suka sayar da kajin kwancinsu saboda maganata.

Na biyu. A tsakiyar daminar bana, injin cike da ƙwan mutane, faifan da ke karkata ƙwai ya tsaya cak. Kai ka koya mana cewa ƙwan da ba a juyawa ɗansa mannewa yake da ɓawo ya mutu. Na kwance ɗan moton da ke juya faifan na kai wa Malam Sani, mai gyaran kayan lantarki a Yelwan Yawuri. Ya ce irin mai tafiya taki-taki ne, wanda suke kira sitefa, kuma ya ƙone. Wayoyi shida gare shi. Ya sa mita ya gano waɗanda suke tare, ya auna faɗin fuskarsa da kaurin sandarsa, ya murza ta da yatsa yana jin takunta. Abin da ya gagare shi shi ne yawan wutar da aka yi moton ya ci, don mitarsa ba ta faɗin gaskiya a kan waya ƙonanniya. Ya juya bayan moton zai karanta lambarsa, babu ko harafi.

Da farko na ɗauka takardar lambar da ake manna masa ce ta ɓalle saboda zafi. Sai ya haska mini wurin. Ranka ya daɗe, sawun samfefa ne, an goge har ƙarfe ya yi fari. Na je Shanga wajen wata da muka yi horo tare, muka buɗe nata. Shi ma haka, goga iri ɗaya, a wuri ɗaya.

Na uku. Malam Sani ya gwada wani moto da ya ciro daga tsohuwar firinta, bayan ya gaya mini gaskiya cewa kirdado ne. Moton ya yi gurnani, ya yi zafi, sannan ya fizgi faifan, layi guda na ƙwai ya tsattsage. Ban ga laifinsa ba. Da na samu wani ma'aikacinku a waya, ce mini ya yi injiniyanku kaɗai ke da izinin sauya moton, in ɗauko injin gaba ɗaya zuwa ofishinku, za a duba bayan damina. Zabuwa da damina take ƙwai. Wanda ya koyar da ƙyanƙyasa bai kamata a tuna masa wannan ba.

Tun daga nan da hannu nake juyawa. Na sa wa kowane ƙwai alamar gawayi, kuma duk buɗewar ƙofa zafi ne ke fita. Fiye da rabi sun zama baragurbi. Asarar ba ta yi mini ciwo kamar zuwan Inna Dije ba, tsohuwar da ta fara yarda da ni a ruga. Ta gaishe ni da kyau, ta kwashe ragowar ƙwanta a ƙwarya, ta tafi neman aron kaza. Na ji an ci amanata, kuma da bakina aka ci ta matan ruga.

Roƙona biyu ne. Ka sa a rubuto mana lambar moton, da ƙarfin wutarsa, da girman takunsa, da yadda wayoyinsa ke haɗuwa, a bai wa duk macen da ke da injin nan kafin ruwa ya ɗauke. Sannan ka zo Wara ranar kasuwa ka faɗa wa matan ruga wanda ya ba da umarnin gogewar, domin har yau a wurinsu Hajara ce ta yi ƙarya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya shirya zuri'arka, ya tsare ka daga tsayawa gaban waɗanda suka yarda da kai alhali ba ka da abin ce musu.

Wassalam.

Hajara, mai ƙyanƙyasar zabi,
Wara, Ngaski.