Akun Baba Yana Rangaji

Zuwa ga Yaya Hamza a Gwanja, daga ƙaninka Idi, Limawa, Dutse.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiyarka, ina iyali, ina gajiyar fatauci? Mu nan lafiya, Nasara ba su dame mu ba bana.

Labarin akun da ka kawo wa Baba ne. Tun rasuwarsa, kullum bayan la'asar tsuntsun nan sai ya kama rangaji, gaba da baya. Na ɗauka ciwon iskoki ne, har na ce a sake shi bayan duwatsu. Inna ta hana, ta ce marar lafiya gashinsa tashi yake, nasa kuwa a kwance luf.

Jiya ta tsura masa ido, ta ce, "Idi, haka Malam yake yi in yana karatu."

 Na shimfiɗa buzun Baba, na sauke Alƙur'aninsa da ban buɗe ba tun sadakar bakwai. Tare muka yi rangajin.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da iyali. Yaya, tsuntsu ya riƙe lokacin karatun Baba, ni ɗansa na saki.