Ƙashin Sani Bai Yi Ƙwari Ba

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Inna? Mu nan Sabha sai godiya.

Ka turo mini ɗanka Sani tunda muryarsa ta buɗe, wai ya zama namiji. Jiya a unguwar Manshiya yana ɗaukar buhun siminti, sai ɗan mai gidan da muke wa aiki, sa'ansa, ya zo zai kama masa. Uban ya daka wa ɗansa tsawa: "Ajiye, ƙashinka bai yi ƙwari ba!" Sani ya kalle ni kawai. Na sani, mu ma daga kaciya sai fartanya. Amma shi nasa ƙashin da ƙarfe aka yi shi?

Ku sa mu a addu'a. A gaida Inna. In ta tambayi jikanta, kai za ka ba ta amsa.

Ƙaninka,
Idi