Kyamarar Falon Umma Har Yanzu Tana Wayata

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin don Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin ba ni da wanda zan buɗe wa cikina a garin nan.

Wata ranar Talata ce bayan la'asar na fara lura da abin. Na ɗauko tiren shayi daga kicin zuwa falo, sai na ga 'yar farar kyamarar da ke saman kabad ta juyo da kanta a hankali ta biyo ni, na ajiye tiren ta tsaya, na koma ɗauko sukari ta sake raka ni har bakin ƙofa.

Bari in gaya muku ko ni wace ce. Ni bazawara ce, na zo Umra daga Katsina shekara tara da suka wuce ban koma ba, kun dai san irin zamanmu, ba iƙama, wato takardar zama, ba fita sai da waige-waige. Ina zaune a unguwar Bani Malik a nan Jidda, ɗaki ɗaya mu uku. A lokacin da nake ba ku labari ina aikin kula da wata tsohuwa a unguwar Ruwais, zan kira ta Umma. Kakanninta ne suka tako daga Kano a ƙafa suka zo Hajji suka zauna, ita a Jidda aka haife ta, amma Hausa a bakinta irin ta mutanen da, kuma ba ta yarda sati ya wuce ba ta ci tuwo da miyar kuka ba, har unguwar Ammariyya nake zuwa nemo mata daddawa. 'Ya'yanta biyu, Samira tana aure a wata unguwa mai nisa, sai Faisal da yake aiki a Dammam, ba sunayensu na gaskiya ba ne. Faisal ne ya sa aka kafa kyamarori a gidan, ɗaya a falo, ɗaya a kicin, ɗaya a ƙofar waje, don ya riƙa ganin mahaifiyarsa ta waya. Ni ma aka saka min manhajar kyamarorin a wayata da lambar sirrin, saboda in na fita sayen magani ko ranar Juma'a da nake hutu in riƙa leƙa ta.

Kullum bayan la'asar sai muryarsa ta fito daga kyamarar falo, "Ummi, kin ci abinci? Halas, yanzu sha magani." Yana jin Hausa sarai amma in zai yi ta sai ta riƙa karyewa, rabi Larabci, ni kuwa wannan karyewar ce take min daɗi. Dogo ne, wankan tarwaɗa, ga saje mai ɗan furfura, aurensa ya mutu tun kafin in zo gidan. Ni kuma tun ina 'yar makaranta na ƙoshi da littattafan soyayya na kasuwa, waɗanda a cikinsu ɗan masu gida yake kallon yarinya daga nesa shekara guda bai ce mata komai ba, sai rana ɗaya ya aiko da magabatansa. Da na ga kyamarar nan tana bi na, ban nemi wani bayani ba, na ce shi ne yake juya ta da yatsansa daga Dammam.

Kafin ranar, in zafin Jidda ya tsananta Umma takan ce, "Yalla 'yar nan, rufe wa Faisal ido ki sha iska," sai in yafa wa kyamarar hankici in cire hijabi. Daga ranar na daina yafawa. Na koma saka kwalli kafin la'asar, na sayi turare, ku ji wauta, turare don kyamara. Na canza tafiyata, in zan wuce gaban kabad sai in rage sauri. Umma ta ce, "Ke kuma wa kike wa kwalliya, ni da idona ɗaya ya mutu?" Na ce mata ai mace ba ta zama haka nan. Wata goma sha huɗu ina cikin wannan hali, na raɗa wa 'ya'yan da zan haifa masa suna, na zaɓi kalar labulen ɗakinmu.

Da ƙaramar Sallah Faisal ya zo gida. Suna zaune ina zuba musu gahawa, Umma ta nuna kyamarar da sandarta ta ce wannan abin ya ishe ta, yana bin mutum da ido kamar maye. Faisal ya yi dariya ya ce ai ba shi ba ne, haka aka ƙera ta, duk abin da ya motsa take bi, ko kyanwa ce, ko labule in iskar na'urar sanyaya ɗaki ta kaɗa shi, shi ina ya ga lokaci, minti biyar ɗin la'asar kawai yake buɗewa. Ya ciro waya ya danna wani abu ya ce halas, ba za ta ƙara ba. Sannan ya karɓi kofin daga hannuna ya ce, "Shukran ya khala," wato inna, alhali ya girme ni da fiye da shekara goma, ya juya ya tambayi Umma da Larabci wai mene ne ma sunana. Na koma kicin na buɗe famfo don kar a ji kukana, sai na tuna can ma akwai kyamara, na goge fuskata na ci gaba da wanke-wanke.

Ban bar aikin ba, domin Umma ta riga ta zama uwa a wurina. Ita kaɗai ce a ƙasar nan take tambayata ko na yi mafarkin gida. Shekara biyu bayan haka Allah ya karɓi abarsa, a hannuna ta cika. Samira ta ba ni abayoyinta guda uku da carbinta, ta rungume ni, aka rufe gidan. Ba su yanke intanet ba saboda kyamarar ƙofa, kuma ba wanda ya tuna ya canza lambar sirri ko ya cire wayata. Sati guda bayan rasuwar na buɗe manhajar da niyyar in goge ta, sai ga falon, ga kujerar Umma an lulluɓe ta da farin zani, ga hasken taga a kan kafet daidai inda nake shimfiɗa mata sallaya. Ban goge ba.

Shekara uku ke nan ina kallon falon da babu kowa. Yanzu gidaje biyu nake wa shara da guga, ba mai min magana sai in za a ce ga wanki can. In na samu sarari sai in buɗe wayata in zauna a falon Umma na minti biyu, kamar mai zuwa gaisuwa. Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, ta kama ni wata rana, muka yi faɗa sosai. Ta ce leƙen gidan mutane haramun ne ko da ɓera ne kaɗai a ciki, ta ce in aka gane wannan ba maganar tarhil, wato a mayar da ni gida, kawai ba ce, sai na yi zaman gidan yari kafin a saka ni a jirgi, kuma zan jawo musu bincike a ɗaki su da ba su ji ba ba su gani ba. Har ta ce min amaryar kabad, sunan da ya bi ni har yau. Na rantse mata zan goge, ban cika ba, Allah ya yafe min.

Wata huɗu da suka wuce na buɗe sai na ga an yaye zanin, mutum yana zaune a kujerar. Da ƙyar na gane Faisal. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat, hannunsa na hagu a lanƙwashe a ƙirji, bakinsa ya ɗan karkace. Daga wayar da yake yi, domin ba zan ɓoye muku ba har sauti nake ji, na fahimci shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, ya bar aiki ya dawo gidan uwarsa. 'Ya'yansa suna Dammam wurin mahaifiyarsu. Samira tana zuwa ranar Juma'a da abincin sati, ta yi ta roƙonsa ya yarda a kawo mai kula da shi, ya ce shi ba tsohuwa ba ne. Sauran kwana shida shi kaɗai ne. Ina gani yana kokawa da murfin gorar ruwa da haƙori, yana sallah a zaune, wani lokaci ya kunna talabijin ya kashe sautin ya yi ta kallon bango. Na san bai dace in ga namiji a wannan hali ba tare da saninsa ba, na sani, amma na kasa dainawa.

Ranar Lahadin nan da hantsi ina guga a gidan aiki, na leƙa sai na gan shi a ƙasa tsakanin kujera da tebur, sandarsa ta yi nisa, wayarsa tana kan kabad. Yana ta ƙoƙarin tashi da hannu ɗaya yana komawa. A manhajar akwai wurin da in ka danna muryarka za ta fita a falon, yatsana yana kai, na kasa dannawa, me zan ce, wace ce ni? Na tsaya ina kallo ina kuka har rigar mutane ta ƙone a ƙarƙashin dutsen guga. Da na ji ya fara kiran "Ummi" a hankali, sai na tuna ina da lambar mai baƙala, wato kantin da ke kallon gidan, wani dattijo ɗan Yaman da nake sayen burodi a wurinsa a da. Na kira shi na ce ya nemi mai gadin ginin su buɗe, Faisal ya faɗi. A wayata na ga sun shigo sun ɗaga shi, sun ba shi ruwa. Alhamdulillahi bai karye ba, goshinsa ne ya fashe kaɗan.

To dattijon ya gaya musu cewa khalar da ta yi wa Umma aiki ce ta kira. Jiya Samira ta turo min saƙon murya, tana kuka tana sa min albarka, ta ce in zo ranar Juma'a mu ci abinci tare, Faisal yana so ya yi min godiya da bakinsa, sannan a ƙarshe ta ce, "Amma habibti, ta yaya kika sani?"

Nan nake neman shawararku. In na faɗi gaskiya, na tona wa kaina asirin shekara uku, kuma shi zai san na ga duk abin da yake ɓoye wa 'yar'uwarsa, ban san ko zai yafe ko zai kai ƙara ba, ni kuma ba takarda gare ni ba. Ko ya yafe, za su canza lambar, ranar da ya sake faɗuwa babu mai gani. In na ce wucewa nake yi na ji motsi, ƙarya ce da ba za ta yi nisa ba, me zai kai ni Ruwais da hantsin Lahadi, gidan kuma a hawa na biyu? Hajiya Rabi ta ce in cire layin in jefar, in manta da su, kamar mutum yana iya manta gidan da aka taɓa kiransa 'yar nan. Ni kaina ban san me ya rage a zuciyata ba, so ne, tausayi ne, ko kewar Umma ce, ba na kuma mafarkin ya aure ni, ina dai so wani ya riƙa buɗe masa gorar ruwa.

In je in faɗi gaskiya in roƙi gafara, duk abin da zai faru ya faru? Ko in je in roƙe su su ɗauke ni aikin kula da shi in yi shiru da sauran? Ko in goge komai in ɓace? Masu ilimin addini a cikinku, ku gaya min wanne ya fi nauyi a wurin Allah, kallon da na yi ko barinsa shi kaɗai. Samira ta ga alamar na saurari saƙonta, ban amsa ba, kuma yau Laraba.