Kakata Ta Daina Zagina

Zuwa ga Malam Bunu mai filin shawara, gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, Malam, don Allah ka agaza mini, kuma ka riƙe dariyarka sai ka kai ƙarshe. Na san wanda zai juya maka ajamina zuwa boko shi ba zai iya riƙewa ba. Allo kaɗai na yi, shi ma rabinsa a guje. Jaridarku wani tela ne yake karanta mana a bakin kasuwar Azare, muna zagaye da kekensa.

Unguwarmu kaf an san ni da tsokana. Ni ne na naɗa wa jakin Hammadu mai gishiri rawani ranar kasuwa, har wasu suka kauce masa hanya. To yau ga ni da maganar gaske, an rasa mai yarda.

Ina da kaka, uwar babana, Inna Yelwa. Sunan mijinta aka sa mini, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Sai dai mijin banza, ko angon da bai san hanyar cefane ba. Ni kuma in ce amarya mai haƙori biyu, saura ƙiris in sake ki in auro mai tauna rake. Da suke Katagum ita da kakana, in na je, tun daga ƙofar gida take fara zagina, ni kuwa hancina yana can wajen murhu. Akwai wata gurasa da take gasawa a tukunyar ƙasa, ba irin ta tanderu ba, ba ta Kano ba. Abin da ke ɗaki kawai take haɗawa: 'yar alkamar fadama, gero, nono, man shanu. Bayanta ja, cikinta laushi, in an ɓare sai tururi da ƙamshi. Takan ce don mijin kirki ta yi ba don ni ba, sannan ta ɓanto gefen da ya fi soyuwa ta cusa mini a aljihu tsoho bai gani ba.

Bara da damina tsohon ya rasu. Da ta fita takaba babana ya ɗauko ta ya dawo da ita Azare. Tun ran nan, Malam, Inna ba ta ƙara zagina ba. In na gaishe ta sai ta ce lafiya lau yaro, Allah ya yi maka albarka. Albarka ba abin ƙi ba ce, amma ni wallahi gara ta jefe ni da mafici. Tuwo loma biyu ta ture. Na ɓoye mata takalmi, ba ta nema ba. Ran nan na sa hular tsohon, na shiga ina irin tarinsa, ina jiran ta ɗauko muciya. Sai ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa fita ɗaki da kunya irin ta ranar ba.

Shi ne na ce bari in gasa mata gurasar nan, ko bakinta zai tuna da Katagum. Na tambaye ta yadda ake yi, ta ce ta manta. Na tambayi Goggo Jumai, ƙanwar babana, ta ce in je can, ta san barkono zan zuba in ba mutane. Babana kuwa cewa ya yi ɗan da ya isa aure ba ya tsugunno a madafa, kada in ja masa magana a masallaci.

Sai na saci tukunya na tafi bayan garka. Ta farko ta fito kamar tubali, na jefa wa akuya, ta sunsuna ta dube ni ta wuce. Ta biyu na ƙara kanwa sosai don ta tashi, ta fito kore-kore, ɗaci kamar maɗaci. Ta uku na hura mata kara, waje gawayi, ciki ɗanye. Duk na binne su kada Inna ta gani.

Malam, fulawar kanti ba tamu ba ce, kuma ba ita take so ba. Ka gaya mini yadda ake yi da abin da ke gida. In kuma ka ga in haƙura ne, ka faɗa mini, amma ka sani tsohuwar nan kullum ƙara ramewa take yi, ni kuma kunnena ya yi marmarin a ce da ni mijin banza.

Naka,
Angon Tsohuwa, Azare.

*

Angon Tsohuwa, na yi dariya wajen jaki, daga wajen hula kuwa na daina.

Bari in fara da tukunya. Ni ban taɓa hura murhu ba, saboda haka na kai takardarka wurin uwargidana, ga abin da ta ce. A niƙa alkama ta yi laushi, a tankaɗe, kashi biyu nata, kashi ɗaya garin gero. A kwaɓa da nono mai tsami da ɗan gishiri, ya fi ƙullun waina kauri amma kada ya kai tuwo. A rufe a ajiye wuri mai ɗumi sai ya kumbura ya fara ƙananan idanu. Wannan jiran shi ka tsallake, shi ya sa akuya ta raina ka. Kanwa kuwa jiƙa ta ake yi, a tsiyayi ruwan sama-sama ɗan kaɗan a zuba dab da gashi, tare da man shanu, da zuma in akwai. A shimfiɗa yashi mai tsabta a gindin tukunya ya yi zafi, a ɗora kwano da aka shafa wa mai, a zuba ƙullun a ciki, a rufe tukunyar. Garwashi ƙasa, garwashi bisa murfi, ban da harshen wuta. In ka soka tsinke ya fito fes, ta nuna.

Ta kuma ce in gaya maka ko ka bi wannan daidai ba za ta zama ta Inna ba. Wannan ma shi ne gatanka.

Ka fahimci kakarka. Wasan da kuke yi, na miji ne. Yanzu duk ran da ta buɗe baki za ta ce maka miji, wani take tunawa. Ba ta daina son ka ba, kalmar ce ta yi mata nauyi. An kuma raba ta da murhunta, ta zama wadda ake kai wa abinci bayan ta shekara da shekaru tana ciyar da gida. Hular nan ka mayar inda ka ɗauko ta, kada ka ƙara.

Mahaifinka ma yana da hujja, mutum yakan tsare bakin duniya. Amma ka same shi shi kaɗai, ba a zaure ba, ka ce masa uwarsa ba ta cin abinci kuma kana da dabara. Da wuya ɗa ya hana a yi wa uwarsa magani. Goggonka kuwa, wanda ya naɗa wa jaki rawani dole ya yi haƙuri in an ƙi yarda da shi. Ka ci gurasar a gabanta tukuna.

Babban kuskurenka shi ne binne ɓatattun nan. Da ka kai mata su. Ka bar bayan garka, ka kafa tukunyarka a ƙofar ɗakinta inda za ta gan ka. Kada ka roƙe ta, kada ka tsokane ta. Ka yi aikinka da gaske, amma da ka zo wajen kanwa, ka ɗebo ta da yawa yadda ka saba, ka ɗaga hannu a hankali. Macen da ta yi shekara arba'in tana gasa abu ba za ta iya kallon ana ɓata alkama ta yi shiru ba. In ba ta tanka ran farko ba, ka sake gobe. Baƙin ciki ba a korar sa da gaggawa. In kuma ramar ta ci gaba, ku kai ta asibiti a duba ta, gurasa ba ta maye gurbin wannan.

Ran da ta fizge kwanon daga hannunka ta ce kauce, ka kauce, ka riƙe bakinka, ka miƙa mata man shanu. Allah ya jiƙan mai sunanka, ya ba Inna lafiya, ya sa kafin kakar bana ta shigo ka sha zagi har ka ƙoshi.

Malam Bunu.